Labarin Koyar da Likitoci Domin Samarinmu da 'Yan Matanmu

A cikin shekara ta 2025 asibitin Galmi ya cika shekara 75. Mun gode wa Ubangiji wanda ya riƙe aikin tun daga mafarinsa har wa yau. Labarin asibitin yana da yawa, amma mu sashe ɗaya kaɗai za mu ɗauka, watau yadda aka yi aka gane cewa samari da 'yan mata suna bukatar likitan da aka koya masa sha'aninsu musamman, da kuma inda aka kai wajen samun irin wannan likita a ƙasarmu.

Tun da fari bari mu daidaita kalma ɗaya. A nan Nijar idan mutum ya ce ya tafi likita, gidan ya ke nufi, mutumin kuwa lokotoro ne. A hayin Nijeriya likita shi ne mutumin, gidan kuwa asibiti. Da ya ke wannan ɗan littafi zai ƙetare iyaka, za mu bi yadda su ke faɗa, 'yan'uwa na nan su yi mana haƙuri.

Mafarin aikin

Waɗanda suka kafa mishan ta SIM samari ne su kansu. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Ikko a watan Disamba 1893, Bingham kuwa bai wuce shekara 21 ba. A 1894 ciwo ya kashe biyu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Sai a 1902 aka sami wurin zama a Patigi, a bakin Kwara. A shekaran nan ne Dakta Andrew Stirrett ya zo daga Kanada, shi ne wanda Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani. Yana cikin waɗanda suka juya Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka buga a 1932, ya kuwa rasu a Jos a 1948.

A 1924 aka buɗe aiki a Damagaram, bayan 'yan shekaru kuma a Tsibiri ta Gobir. A lokacin babu asibiti. Abin da a ke da shi akwatin magani ne a gindin itace ko a shirayi, a wanke miki, a ɗiga maganin ido, a ba da kwinin. Hukumar Faransa ba ta sakin jiki da mishan masu jin Ingilishi, balle a zamanin yaƙin duniya na biyu, saboda haka aikin magani ya daɗe yana rarrafe. Masu taimako na fari yawancinsu yara ne masu tasowa, waɗanda suka koyi tafasa allura da ɗaurin bandeji ta wurin kallo da yi. Ba su da takardar shaida, amma a hannunsu ne dubban mutane suka fara sanin maganin asibiti.

Ita gwamnatin Faransa tana da makarantar likitoci ɗaya tak domin dukan ƙasashenta na Afirka ta Yamma, a Dakar, wadda aka buɗe a 1918. Houphouët-Boigny, wanda ya zama shugaban Kodebuwa daga baya, a nan ya yi karatu. Yaro ɗan Adar ko ɗan Gobir kuwa, kafin ya kai Dakar sai an tona.

A 1950 Dakta Burt Long, mutumin Amurka, ya zo Galmi tare da matarsa Ruth, ya fara aiki. Galmi ƙaramin gari ne a bakin babbar hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, ba a san shi da kome ba sai albasa. Ba a jima ba mutane suka yi ta zuwa, Adarawa da Gobirawa da Buzaye da Fulani, har da na hayin Sakkwato. A 1956 kuma aka buɗe Danja, kudu da Maraɗi, domin masu ciwon kuturta. An yi dace, gama a shekarun nan ne ƙwayar dapson ta yaɗu, kuturta ta zama ciwon da a ke warkarwa. Da yawa cikin waɗanda suka zo Danja da tabon farko a jikinsu samari ne da 'yan mata, gama sau da yawa a ƙuruciya ciwon ya kan bayyana.

Abin da aka fara a Boston

A wancan zamani ko'ina a duniya asibiti kashi biyu ne, ɗakin yara da ɗakin manya. Ɗan shekara 14 ba shi da wuri nasa. In an kai shi ɗakin yara gadon ya yi masa gajarta, yana kwance tsakanin jarirai masu kuka. In an kai shi ɗakin manya sai ya kwana kusa da tsoho mai jiran ajali. Likitoci ma haka aka koyar da su, wannan ya san ciwon jarirai, wancan ya san ciwon manya, na tsakiya kuwa kowa ya ɗauka lafiyarsu ƙalau, tun da sun tsere wa ƙyanda da gudawa na ƙuruciya, ba su kuwa kai ga ciwon tsufa ba.

Shekara guda bayan buɗe Galmi, watau a 1951, Dakta Roswell Gallagher ya buɗe sashe na masu tasowa a asibitin yara na Boston a Amurka. Kafin nan ya yi shekaru yana likitan makarantar kwana ta samari. A can ya lura yaro ya kan zo da ciwon kai ko ciwon ciki, alhali abin da ke cin ransa dabam ne, ba kuwa zai faɗa ba muddin ubansa ko malaminsa yana tsaye a wurin. Saboda haka ya kafa ƙa'ida a sashensa: likita ya ji ta bakin iyaye, sa'an nan ya ga yaron shi kaɗai, ya ba shi lokaci, ya dube shi dukansa, ba gaɓar da ke ciwo kaɗai ba. Ya kuma karɓi likitoci daga wurare dabam dabam suna zuwa koyo, suna komawa su buɗe irin wannan sashe a garuruwansu. A 1960 ya buga littafi a kan jiyyar masu tasowa. A 1968 likitocin wannan fanni suka kafa ƙungiyarsu a Amurka, a 1987 aka kafa ta duniya, amma sai a 1994 aka fara yin jarrabawar ƙwarewa a fannin. Ku duba fa, shekara 43 ke nan a ƙasa mai arziki, kafin abin ya tsaya da ƙafafunsa.

Akwai wata dabara da waɗansu likitoci biyu na Los Anjalas suka buga a 1988, wadda a ke koya wa ɗalibai a ƙasashe da yawa. Dabarar ita ce jerin tambaya. Likita ya fara da abin da ba shi da nauyi: da wa ka ke zaune, yaya gida? Sa'an nan makaranta ko sana'a, sa'an nan abokai da abin da a ke yi da yamma. Sai yaro ya saki jiki tukuna a shiga zancen taba da ƙwaya, da zancen namiji da mace. Daga ƙarshe a tambaye shi a fili ko baƙin ciki ya taɓa sa shi tunanin kashe kansa. Mu masu bishara da muka ji wannan jeri ba mu yi mamaki ba, gama duk wanda ya taɓa shiga gari baƙo ya san ba a fara magana da babban zance, sai an gaisa, an tambayi gida da gona da ruwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade masu tasowa daga shekara 10 zuwa 19. A 2015 ta fitar da jerin abubuwan da ya wajaba kowane likita da nas da ungozoma su sani a kansu tun suna makaranta. A 2017 kuma ta sanar cewa a shekarar 2015 masu tasowa wajen miliyan 1.2 suka mutu a duniya, fiye da 3,000 ke nan kowace rana, yawancinsu kuwa da abin da a ke iya hanawa. Ga 'yan mata 'yan shekara 15 zuwa 19, ciki da haihuwa ne suka fi kome kisa a shekarar nan ta 2015.

Irin namu ciwon

Sa'ad da Nijar ta sami mulkin kai a 1960 mutanenta wajen miliyan 3 ne. A ƙidayar 2012 sun wuce miliyan 17, kusan rabinsu kuwa ba su kai shekara 15 ba. Saboda haka ba ma bukatar a gina wa samari ɗaki dabam kafin likita ya gamu da su. Ko wane layi ya duba da safe suna ciki.

Ga tsargiya, wadda yara maza ke ɗauka a tafki da madatsar ruwa. Ta yi yawa a waɗansu garuruwa har mutane sun ɗauka fitsarin jini alamar balaga ce ga namiji, alhali tsutsa ce ke cin mafitsara, ƙwaya kuwa tana kashe ta. Ga zazzaɓin taifot daga ruwa mara tsabta, wanda in ya yi mako biyu ko uku ba magani ya kan huda hanji, sai a kawo yaro ciki a kumbure, ba abin da zai cece shi sai fiɗa a daren nan. Likitocin Galmi sun san wannan ciwo sarai. Ga sanƙarau, da ya yi ɓarna ƙwarai a Nijar a 1995, a Nijeriya kuma a 1996. Sa'ad da sabuwar allurar rigakafinsa ta zo a 2010, 'yan shekara 1 zuwa 29 aka yi wa, gama su ya fi ɗauka. Ga amosanin jini, ga raunin babur, ga kuma ƙwayar tramol da samari ke sha domin su jure aikin ƙarfi, ta koma ta mallake su.

Amma abin da ya fi nauyi a zuciyarmu shi ne sha'anin 'yan mata. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cikin mata 100 'yan shekara 20 zuwa 24, 76 an aurar da su kafin su kai 18, 28 kuwa kafin su kai 15. Cikin 'yan mata 100 'yan shekara 15 zuwa 19, 40 sun riga sun haihu ko suna da ciki. Dokar da aka gada daga Faransa ta sa shekara 15 ga mace, 18 ga namiji. Ba mu ce iyaye suna yin haka domin mugunta ba. Uba yana tsoron abin kunya, yana tsoron talauci, makarantar da zai bar 'yarsa a ciki kuwa sau da yawa tana wani gari mai nisa, ba wanda zai riƙe ta a can. Kada kuma mai bi ya nuna maƙwabcinsa da yatsa, gama tsoron nan ɗaya yana cikin gidajen masu bi.

Ga yadda abin ya ke a jiki. Yarinya ta kan fara al'ada tun ƙashin ƙugunta bai gama buɗewa ba, balle in ta tashi da ƙarancin abinci. In naƙuda ta zo kan ɗa ya ƙi wucewa, sai ya danne mafitsara a jikin ƙashi, kwana biyu, kwana uku. Naman da aka danne jini ba ya kai masa, sai ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami. Ɗan yawanci ya riga ya mutu a ciki. Uwar kuwa, wadda ita ma yarinya ce, ta tashi da yoyon fitsari dare da rana, wani lokaci har da ciwon ƙafa. Da yawa mazansu sun sake su. Al'adar kunya ta haihuwar fari tana ƙara jinkiri, gama an hore ta kada ta yi kuka, ita kuwa sai ta yi shiru har lokaci ya wuce. Yankan gishiri ma yana jawo irin wannan rauni. Sai dai a faɗi gaskiya duka: ba ƙuruciya kaɗai ke kawo yoyon fitsari ba, uwar 'ya'ya shida ma tana samunsa. Ainihin abin shi ne doguwar naƙuda a inda babu mai fiɗa kusa. Ƙuruciya kuma tana da nata haɗari dabam, watau jijjiga, wadda ta fi kama masu cikin fari, alhali awon jini a lokacin goyon ciki yana tona ta tun da wuri.

A nan ne koyar da likitoci ya ɗauki hanya tamu ta Afirka. Dakta Reginald Hamlin da matarsa Dakta Catherine suka zo Adis Ababa a 1959, suka tarar da wannan ciwo wanda ba su saba gani a ƙasarsu ba, suka koyi ɗinkinsa, a 1974 suka buɗe asibiti dominsa kaɗai, suka koyar da likitoci daga ƙasashe da yawa. Kusa da mu kuma, a Babbar Ruga ta Katsina, wadda dā gidan kutare ne a hannun mishan ta SIM, Dakta Kees Waaldijk mutumin Holan ya zo aikin kuturta, a 1984 ya fara ɗinkin yoyon fitsari. Ya koyar da likitoci da nas masu yawa, har da na Nijar. Shi ne ya nace a kan cewa in an sa wa mace robar fitsari da wuri, tun ramin yana sabo, ta zauna da ita 'yan makonni, waɗansu su kan warke ba tare da fiɗa ba. Wannan abu ne da ungozoma a ƙauye za ta iya yi in an koya mata. A 2012 aka buɗe asibitin yoyon fitsari a Danja, a gefen tsohon gidan kutare. Gidaje biyu ke nan da aka gina domin waɗanda mutane ke gudu saboda kuturta, suka koma suna karɓar waɗanda a ke gudu saboda wari.

Masu koyo na gida

A 1974 aka buɗe makarantar koyon aikin likita a jami'ar Yamai, daga baya kuma jami'o'in Maraɗi da Damagaram suka sami nasu sashe. A 1997 Dakta David Thompson ya fara koyar da fiɗa a asibitin mishan na Bongolo a Gabon, ƙarƙashin ƙungiyar PAACS, wadda nufinta shi ne likita ɗan Afirka ya koyi fiɗa shekara 5 a asibitin karkara, ya saba da zama inda bukata ta ke, kada ya tafi Turai ya ƙi dawowa. Daga baya Galmi ta shiga cikin wuraren koyarwar. Wanda ya tuna da yaran nan masu tafasa allura a shirayi, ya kuma ji an ce a Galmi a ke koyar da mai fiɗa, lalle ya yi godiya.

Amma hannu mai iya fiɗa abu ɗaya ne, kunne mai iya saurare wani abu ne dabam, shi ne kuwa ya fi wuyar koyarwa. A wurinmu in yarinya ta shiga ɗakin likita ba ita ke magana ba. Uwar miji ce ke amsawa, ko gwaggo, ko mijin da kansa, ita kuwa kanta a sunkuye, ta ja mayafi. Saurayi ma a gaban ubansa ba zai ce yana shan ƙwaya ba, ko yana da ciwon sanyi. Ƙa'idar Gallagher ta ganin yaro shi kaɗai gaskiya ce, amma a ganinmu ba a ɗauko ta daga Boston a dasa a Adar yadda ta ke. In likita namiji ya kori dangi ya rufe ƙofa da matar wani, kafin kasuwa ta ci labari ya gama ƙauyuka, ba kuwa wanda zai ƙara kawo 'yarsa. Hanyar da ta dace ita ce a girmama babba tukuna, a ji ta bakinsa har ya gama, sa'an nan a roƙe shi da ladabi ya ɗan jira a waje, nas mace kuwa ta tsaya a ɗakin. Abin da yarinyar ta faɗa amana ne. Ba a kai shi bakin rijiya, ba a kuma kai shi taron addu'a da sunan roƙo dominta. Wannan na ƙarshe mu ma'aikatan ekklesiya ya shafa. In ranta na cikin haɗari ne kaɗai a ke faɗa wa wani, ita ma a sanar da ita tukuna.

Har wa yau dole mai koyo ya ji harshen mutane. Karatun likita da Faransanci a ke yi, amma ciwo da Hausa a ke faɗarsa, ko da Zabarmanci, ko Fulatanci, ko harshen Buzaye, kuma a sakaye. Yarinya ba za ta ambaci abin da sunansa ba, sai ta ce mararta ce, ko ta ce sanyi ne. Wanda bai san sakayar ba zai rubuta maganin da ba shi ne ba.

A cikin Bishara ta hannun Markus, sura 5, an haɗa labari biyu wuri ɗaya, na macen da ta yi shekara 12 tana zubar jini ta ƙare dukiyarta wajen masu magani, da na 'yar Yayirus mai shekara 12. Mun lura da abin da Ubangiji ya yi a gidan Yayirus: ya fitar da taron masu makoki waje, ya bar iyayen da almajirai uku kaɗai, ya kama hannun yarinyar, ya yi magana da ita kanta, da ta tashi kuma ya umarta a ba ta abinci. Mu kan karanta wa masu koyon aikin jiyya wannan sura. Mu kan kuma tuna musu cewa mai ciwo ba ya sayen magani da addininsa, Musulmi da Kirista da mai bin al'ada layi ɗaya su ke bi.

Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Abin da ya fi ƙaranci a karkararmu shi ne likita mace da ungozoma mai ilimi wadda ta tashi a cikinmu, ta yarda kuma ta zauna. A 2017 gwamnati ta fitar da doka domin a riƙe 'yan mata a makaranta har shekara 16, amma doka ba ta ciyar da yarinya a garin da ba ta da kowa. Wannan aikin gidajen masu bi ne da ke Maraɗi da Tawa da Ƙonni da Yamai, su buɗe ƙofa ga 'yar ƙauye mai karatu, ekklesiyarta kuma ta ɗauki kuɗin littafi da na abinci. Muna roƙon dattawa su yi lissafin tun yanzu, gama hanyar doguwa ce. Yarinya mai shekara 12 a 2025, in an bar ta a lakwal, za ta gama sakandare wajen shekara 19, ta yi shekara 7 ko 8 tana karatun likita, in kuwa za ta ƙware a fiɗa ko a sha'anin haihuwa ta ƙara 4 ko 5. Wajen 2045 ke nan za ta fara duba marasa lafiya a matsayin ƙwararriya, saura shekara 5 asibitin Galmi ya cika 100.